Gishirin Yuraniyom da Ruwan Rijiyoyinmu

  Ina gaida mutanen Salaga da Kpembe, da mutanen Yendi, da na Bawku har Pusiga da Garu da Zebilla, da 'yan uwa na zango-zango duk inda muryar nan ta same ku, a shago ko a gona ko cikin mota a hanyar Tamale.

Tun ranar 26 ga Yuli, 2023, da sojoji suka karɓi mulki a Nijar, sunan yuraniyom ya shigo majalisun shayi. Da gwamnatin Yamai ta mayar da kamfanin haƙar yuraniyom na SOMAÏR da ke Arlit mallakar ƙasa a watan Yunin 2025, ta raba shi da kamfanin Orano na Faransa, sai hirar ta ƙara zafi. Wani ya ce arziki ne aka daɗe ana sacewa, wani ya ce ai da shi ake yin bam. A nan gida Gana kuma gwamnati tana shirin gina tashar wutar lantarki ta nukiliya, har an zaɓi Nsuban a Jihar Yamma a 2023. Duka wannan maganar manya ce, ta ministoci da janar-janar. Abin da ya kawo ni yau ƙarami ne, amma shi ne ya fi kusa da tukunyarmu: yuraniyom yana narkewa a ruwa. Ta wannan ƙofar yake shiga jikin talaka, wanda bai taɓa ganin ma'adinai ba balle bam.

Bari mu fara da sanin abin. Yuraniyom ƙarfe ne, launin azurfa, mai nauyin gaske, don ya fi dalma nauyi da kusan kashi 70 cikin 100. Ba a tsintarsa a ƙasa a matsayin ƙarfe, a cikin dutse yake a warwatse. A wajen masana sinadarai, duk ƙarfen da aka narkar da asid, abin da ya daskare ya rage shi suke kira gishiri, ko ana sa shi a miya ko ba a sawa. In aka narkar da yuraniyom da asid ɗin naitirik, sai a sami yuranil naitiret. In da asid ɗin da ke cikin binega ne, yuranil asitet. In da irin na batirin mota ne, yuranil salfet. Dukkansu 'yan ƙwayoyi ne masu ƙyalli, rawaya mai ɗan kore-kore, kuma in ka haska su da irin fitilar nan da masu canji ke duba jabun kuɗi, sai su yi kore shar. Dukkansu kuma ruwa yana shanye su nan da nan.

Wani Bajamushe mai suna Martin Klaproth ya gano yuraniyom a 1789, kuma fiye da shekara 100 bayan nan ba a ɗauke shi a bakin komai ba sai rini. Masu yin gilashi suna zuba shi don kofi ya fito rawaya ko kore, masu yin faranti suna shafa shi don ya ba da launin ruwan goro, masu ɗaukar hoto na wancan zamani suna gyara launin hotunansu da gishirinsa. Mutane sun ci abinci a cikin waɗannan farantan shekara da shekaru.

Sai a 1896 wani malami a birnin Paris, Henri Becquerel, ya yi karo da abin da bai nema ba. Zatonsa shi ne, in gishirin yuraniyom ya sha rana, zai fitar da wani haske mai ratsa abubuwa. Sai ya riƙa naɗe farantin hoto da baƙar takarda, ya ɗora gishirin a kai, ya ajiye a rana. A ƙarshen watan Fabrairu hadari ya rufe garin kwana da kwanaki, ya tattara kayan ya jefa cikin aljihun tebur. Ranar 1 ga Maris ya ce bari dai ya wanke farantin ya gani. Sai ga siffar gishirin ta fito raɗau, alhali bai ga rana ba. Ashe abin daga cikin gishirin kansa yake fitowa, dare da rana, ba mai kunna shi ba mai kashe shi. Marie Curie da mijinta Pierre suka ɗora daga nan, suka gano radiyom a 1898, su ukun suka raba kyautar Nobel a 1903.

Wannan abin da ke fitowa shi ne 'yan jarida ke kira tururin nukiliya, ko da yake ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jinsa. Dalilinsa kuwa shi ne ƙwayar zarrar yuraniyom ba ta zauna daram ba. Lokaci zuwa lokaci wata ƙwayar takan fashe, ta harbo wani ɗan ɓarɓashi, ita kuma ta rikiɗe ta zama wani abu dabam, shi ma ya fashe, haka har a dire a dalma. Amma a hankali abin yake tafiya. Kashi 99.3 cikin 100 na yuraniyom ɗin da ke ƙasa nau'in da ake kira 238 ne, kuma kafin rabinsa ya ƙare sai an yi shekara biliyan 4 da rabi. Sauran kashi 0.7 ɗin shi ne nau'in 235, wanda duniya ke rigima a kansa, don shi ke ba da wuta, shi ke ba da bam.

To, me ake yi da gishirin a yau? A ɗakunan bincike na asibitoci da jami'o'i ana ɗiga yuranil asitet a kan ɗan yankin tsoka ko ƙwayar cuta don ta fito sarai a babban madubin likita mai aiki da lantarki. Wannan ɗan kaɗan ne. Babban aikinsa yana kan hanyar da dutse ke bi kafin ya zama wutar lantarki, kuma wannan hanyar, ga mu mutanen Afirka ta Yamma, daga Arlit take tasowa.

Faransawa sun ci karo da yuraniyom a Azelik, kusa da Ingal, a 1957, suna neman tagulla. SOMAÏR ta fara fitar da kaya a 1971, COMINAK ta Akokan a 1978, ramin nata ya kai zurfin mita 250. A fasa dutse, a niƙe shi, a jiƙa shi da asid ɗin salfa har yuraniyom ɗin ya narke ya bi ruwa, sannan a tsamo shi, a busar, ya zama wani gari rawaya da ake durawa a ganguna. Tan guda na dutse kilo kaɗan yake bayarwa. Shekaru da dama tireloli suna ɗaukar gangunan nan su gangaro ta Agadez da Tahoua, su shiga Benin, a kai su tashar jiragen ruwa ta Kwatano, har sai da aka rufe iyaka a 2023. A Faransa, a masana'antar Malvési kusa da Narbonne, sai a sake narkar da garin da asid ɗin naitirik ya koma yuranil naitiret, a tace shi tas, daga baya a haɗa shi da sinadarin filorin ya zama wani farin abu da ke komawa iska da zarar zafi ya kai digiri 56 da ɗoriya. A wannan siffar ake ƙara yawan nau'in 235. In an kai shi kashi 3 zuwa 5, ya isa tashar lantarki. In an kai shi wajen kashi 90, an shiga maganar makami.

Tun da na ambaci ganguna, bari in tsakura wa 'yan kasuwarmu wani abu. Akwai 'yan damfara da ke yawo da kwalba ko ƙullin rawayan gari, su ja mutum gefe su ce yuraniyom ne daga Nijar, akwai Bature mai saye da miliyoyi, kai dai ka kawo kuɗin hanya. A watan Janairun 2024, lokacin da farashinsa ya yi tashin da ya daɗe bai yi ba, fam guda ya ɗan haura dala 100 ne kawai. Ma'ana kilo guda bai kai kuɗin giram 4 na zinariya ba a lokacin. In ƙarya ce ƙullin, an cuce ka. In gaskiya ce, ka sayo wa iyalinka guba, ka kuma sayo wa kanka shari'a, don dokar 2015 da ta kafa hukumar sa ido kan harkar nukiliya a ƙasar nan ba ta yarda kowa ya riƙe irin wannan kaya ba sai da lasisi.

Yanzu ga illar, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Ɓarɓashin da yuraniyom ya fi harbowa, wanda ake kira alfa, ba shi da nisan tafiya. Takarda guda tana tare shi, fatar hannunka ma tana tare shi. Saboda haka wanda ya tsaya kusa da gangar garin nan a rufe bai shiga hatsarin da ake kururutawa ba. Matsalar tana farawa ne in abin ya shiga ciki, ta baki ko ta hanci ko ta rauni. A ciki babu fatar da za ta tare, kuma tun kafin a zo maganar tururi, yuraniyom guba ne irin na ƙarafa masu nauyi, ɗan uwan dalma. Yawancin wanda aka haɗiye yakan fita ta bayan gida, ɗan kaɗan ne ke shiga jini. Wannan ɗan kaɗan ɗin kuwa, wani ya maƙale a ƙashi, wani ya nufi ƙoda, don ita ke tace jini. A can yake cin 'yan siraran bututun da ke tace fitsari. Masu bincike sun daɗe da sanin haka har ta kai in suna son nazarin ciwon ƙoda a jikin ɓeraye, yuranil naitiret na cikin abubuwan da suke yi musu allura da shi. Shi ya sa gishirin da ke narkewa ya fi dutsen da ba ya narkewa hatsari ga ƙoda.

Ga kuma huhu. Daga cikin abubuwan da yuraniyom ke rikiɗewa ya zama akwai wata iska mai suna radon, ba launi ba wari. A fili iska tana kwashe ta. A rami ko ɗakin da ba taga kuwa taruwa take yi, a shaƙe ta, ta zube ɓarɓashinta a cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba sigari, radon na sahun gaba wajen jawo ciwon dajin huhu, kuma mai shan taba da ke shaƙar ta ya fi kowa shiga uku.

Akwai illa ta uku, wadda ba ta shafe mu kai tsaye ba, amma tun da ana maganar gina tasha a ƙasar nan ya kamata a ji labarinta. Ranar 30 ga Satumba, 1999, a garin Tokaimura na ƙasar Japan, ma'aikata uku suna haɗa ruwan yuranil naitiret wanda aka ƙara wa ƙarfi har kashi 18.8. Ƙa'ida ta ce kada abin da ke cikin tanki ya wuce kilo 2.4 na yuraniyom, kuma a bi da shi ta wata na'ura siririya da aka ƙera musamman don kada ya taru wuri guda. Su kuwa aiki ya matsa, kuma kamfanin ya daɗe yana bin gajeriyar hanya. Sai suka riƙa dama shi a bokitan ƙarfe, ɗaya ya riƙe mazurari, ɗaya yana juyewa cikin wani faffaɗan tanki. Da abin ya kai wajen kilo 16, da misalin ƙarfe 10:35 na safe, sai suka ga wani shuɗin haske ya walƙa, ƙararrawa ta ɗauka. Babu fashewa, babu gobara, ruwan dai ya kama aiki irin na tashar nukiliya a tsakiyar ɗaki, ya yi kusan awa 20 kafin a kashe shi. An kwashe maƙwabta, an ce wa mutum wajen 310,000 su zauna cikin gida. Biyu daga cikin ma'aikatan sun mutu, na farko bayan jinyar kwana 83. Wannan fa a Japan ne, inda ake buga misali da bin doka. Duk wanda zai zo ya ce mana na'urar zamani ba ta kuskure, a tambaye shi wa zai hana ma'aikaci ɗauko bokiti ranar da aiki ya matsa.

Mu dawo Arlit, don can ne abin ya fi kama da abin da zai iya samun mutum irinmu. Da aka cire yuraniyom daga dutse, ragowar laka da tsakuwa ba ta zama lafiyayya ba, don mafi yawan tururin yana tare da radiyom da 'yan uwansa da aka bari a ciki, kuma radiyom sai ya yi shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare. Lokacin da COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris, 2021, bayan ta fitar da tan kusan 75,000 na yuraniyom, ta bar tarin irin wannan ragowar da ya kai wajen tan miliyan 20 a bakin gari, cikin hamada mai iska. Wani ma'aikacin ma'adinan, Almoustapha Alhacen, ya kafa ƙungiyar Aghirin'man don ya ga abokan aikinsa suna mutuwa da cututtukan da ba a yi musu bayani ba. Shi ya gayyato masana na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa a 2003, suka tarar ana sayar da tsofaffin ƙarafan kamfani masu ɗauke da tururi a kasuwa, mutane suna saye suna aikin gida da su. Ƙungiyar Greenpeace ta je a 2009, ta ce cikin samfurin ruwa 5 da ta ɗiba, 4 sun haura iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a lokacin, kuma a wani titi na Akokan na'urarta ta nuna tururi ya ninka na al'ada har kusan sau 500. Kamfanin na Faransa ya musanta da yawa daga cikin zarge-zargen, ya ce yana bin ƙa'ida. Ni dai abin da na ɗauka daga labarin shi ne, ba a fara sauraron mutanen garin ba sai da wani ya zo da na'ura ya auna, ya rubuta lamba. Kuma yanzu da ma'adinan SOMAÏR ya koma hannun gwamnatin Nijar, tarin ragowar yana nan inda yake. Canza mai kamfani bai canza ruwan rijiya ba.

Wani zai ce, to malam, mu ina ruwanmu, tun da ba a haƙar yuraniyom a Gana? Ruwanmu ne kuwa. Kowane dutse yana da ɗan yuraniyom a cikinsa, wajen giram 2 zuwa 3 a kowane tan in aka yi kwatankwacin duniya, kuma dutsen giranit yakan fi haka. Bawku da ƙasar Bolga a kan giranit da tsofaffin duwatsu masu zinariya suke zaune. Salaga da Yendi kuwa a kan shimfiɗar dutsen yashi da na laka na kwarin Volta. In ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da iska da ɗan kanwa-kanwa, yakan lashi yuraniyom daga dutse a hankali ya tafi da shi. An ga haka a rijiyoyin dutse na ƙasar Finland, an gani a jihar Punjab ta Indiya. Kuma abin ba ya bin taswira: rijiya biyu a unguwa ɗaya, wannan ta fito lafiya, waccan ta haura iyaka, don kowace da jijiyar dutsen da ta huda.

Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tun 2011 ita ce maikirogiram 30 a lita guda. Don a gane ƙanƙantarsa, giram 30 ke nan a cikin lita miliyan guda. Ruwan da ya ninka wannan sau goma zai fito garau a kofi, ba ɗanɗano, ba wari. Iyayenmu mata, ku ji wannan da kyau: tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma ku ci gaba da tafasawa, amma ba ya cire yuraniyom. In ma an daɗe ana tafasawa, ruwan ne ke raguwa, shi yana nan. Tacewa da ƙyalle ba ta cire shi. Sai na'urar tace ruwa ta musamman, ko a canza rijiya.

Mun riga mun ga irin wannan da idonmu, da wani sinadarin dabam. A Bongo, kusa da Bolga, an haƙa rijiyoyin burtsatse, ruwa ya fito fes, aka yi murna. Bayan shekaru sai haƙoran yara suka fara yin ja da baƙi-baƙi. Da aka auna, sai aka tarar sinadarin fulorayid daga dutsen giranit ɗin yankin ya haura miligiram 1.5 a lita, har aka toshe wasu rijiyoyin. Sa'ar da aka yi da fulorayid ita ce yana nuna kansa a baki, uwa tana gani. Ƙoda kuwa ba ta kuka sai ta kusa gajiya.

Kada wani ya kashe rediyo ya ce na ce a daina shan ruwan burtsatse. Allah Ya kiyaye. Duk wanda ya girma a Salaga ko ƙasar Dagomba ya san abin da ruwan tafki da na kududdufi ya yi mana. A 1989 an ƙirga mutum kusan 180,000 da kurkunu a ƙasar nan, manoma suna kwance da damina, gona tana cin ciyawa. An ga na ƙarshe a watan Mayun 2010 a Diare, wajen Savelugu, kuma a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Gana ta rabu da shi. Rijiyar burtsatse na cikin abubuwan da suka yi wannan aikin. Haka kuma ba duk mai ciwon ƙoda ne zai ɗora wa rijiya laifi ba. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba, ga shan ƙwayoyin kashe ciwo barkatai, ga jiƙe-jiƙen da ake saye a tasha ba a san abin da ke ciki ba. Abin da nake cewa shi ne a auna. Awon rijiya guda da zai kare unguwa ɗungurungum bai kama ƙafar abin da iyali ɗaya ke kashewa ba in aka fara kai musu mutum wankin ƙoda a Tamale.

Kuma kayan awon suna nan a ƙasar nan. Akwai tarihi a bayansu da ya biyo ta ƙofar gidanmu. A ƙarshen 1959, da Faransa ta ce za ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane cikin saharar Aljeriya, hankalin Gana ya tashi, don kowa ya san daga inda iskar hunturu ke tasowa. Wata tawaga ta 'yan Gana da wasu 'yan Afirka da Turawa da Amurkawa, cikinsu har da Rabaran Michael Scott da Bayard Rustin, ta taso daga Akra a watan Disamba da niyyar zuwa wurin gwajin ta zauna. Suka keto arewa, suka tsallaka iyaka, jami'an Faransa suka tare su a Bittou, garin da ba sai an kwatanta wa ɗan Bawku ba. Ba su hana ba, an tayar da bam ɗin ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Kwame Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa da ke Gana. Amma shi ɗin dai ne ya kafa Hukumar Makamashin Atom a 1963, ya aza harsashin cibiyar Kwabenya ranar 25 ga Nuwamba, 1964. Juyin mulkin 1966 ya tsayar da aikin, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka kafa 'yar ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike daga Sin, mai ƙarfin kilowat 30. Akwai irinta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004. Da yuraniyom mai kashi 90 suka fara aiki, aka canza na Kwabenya zuwa mai kashi 13 a 2017, na Zariya a 2018, aka mayar wa Sin da tsohon. Babban aikin waɗannan na'urori shi ne gano abin da ke cikin ƙasa da dutse da ruwa da abinci. Da kuɗin harajinmu ake tafiyar da Kwabenya, ba na mutanen Akra kaɗai ba.

Matasanmu masu shiga ramin haƙar zinariya na galamse a yankin Zebilla da ƙasar Talensi, na san ba jin daɗi ya kai ku ba. Amma ramin da ba iska, da ƙurar dutsen da ake niƙawa a bushe, su ne ainihin hanyar da radon da ƙura ke cin huhu. A jiƙa dutse kafin a niƙa, a buɗe wa rami mashigar iska, a rufe hanci, kada a ci abinci da hannu mai ƙura, kada a kai kayan aiki ɗakin da yara ke kwana. Wanda ke shiga rami kuma yana busa sigari, ya haɗa wa huhunsa biyu.

Sai 'yan uwa masu sayen tsohon ƙarfe, waɗanda da yawansu daga nan arewa suke tafiya Kumasi da Akra. A 1987 a birnin Goiânia na ƙasar Brazil, wasu masu tsintar ƙarfe suka shiga wani asibitin da aka daina aiki a ciki, suka ɗauko kan na'urar gasa ciwon daji suka fasa. A ciki akwai wani gari, gishirin siziyom, wanda ya fi na yuraniyom zafi nesa ba kusa ba, yana shuɗin haske da dare. Mai shagon ƙarfen ya kai gida, ya rarraba wa dangi don sha'awa. Mutum 4 suka mutu, cikinsu har da yarinya 'yar shekara 6, aka sami 249 da abin ya taɓa, aka auna wajen 112,000. Irin waɗannan na'urori suna asibitoci, da wajen masu aikin titi, da kamfanonin ma'adinai, kuma wasunsu da ƙarfen yuraniyom ake yi musu sulke. Alamarsu fuka-fukai uku ne kamar na fanka, baƙi ko ja-ja a kan rawaya. In ka ga wannan alamar, ko ka ɗaga ɗan ƙaramin ƙarfe ka ji ya fi dalma nauyi, kada ka fasa, kada ka kai gida, kada ka sa a aljihu. Ka ja da baya, ka hana yara zuwa, ka sanar da 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana su kira hukumar nukiliya.

Kirana na ƙarshe ga sarakunan zango da limamai da 'yan majalisar unguwa, da alhazai da ƙungiyoyin da ke haƙa rijiya don sadaka, Allah Ya saka musu da alheri. Kafin a yanka zare a buɗe famfo, a nemi takardar awon ruwan daga hannun ɗan kwangila. A ba wani mai karatu ya duba ko an rubuta fulorayid da asenik da yuraniyom a jerin, da lambar kowanne. In babu, a kai maganar ofishin gunduma da na CWSA, hukumar ruwa da tsabtar karkara, a nemi a ɗebi ruwan a kai Cibiyar Binciken Ruwa ko Kwabenya. Tsofaffin rijiyoyin da ake sha tun shekaru ma a yi musu haka, a fara da na makarantu da asibitoci da masallatan Juma'a. In sakamako ya fito, a manna shi a jikin famfon kowa ya gani.